Shin Linux Zai Gaji Windows a Kwamfutocin Jama'a?

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro kamar yadda ya saba, tambaya ɗaya ke ta yawo a bakin masu harka da kwamfuta: shin lokacin Linux ne ya zo? Wasu na cewa nan da 'yan shekaru buɗaɗɗun manhajoji za su ture Windows daga kan kujerarsa. Wasu kuma na cewa sun fi shekara 20 suna jin wannan zance, kuma har yau ba su gani a ƙasa ba. Kowane ɓangare na da abin kafa hujja, amma dukkansu suna duban wurin da bai kamata ba. Suna jiran wani babban juyi ne na rana ɗaya, alhali sauyin yana shigowa a hankali ta ƙofofi uku: ta hannun masu wasan kwamfuta, ta ofisoshin gwamnati, da kuma ta tsofaffin na'urorin da aka ce sun ƙare aiki alhali lafiyarsu ƙalau.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce wadda take tashi da zarar ka kunna kwamfuta, ita ke sarrafa allo da madannai da ma'ajiya, kuma a kanta sauran manhajoji suke zama. Windows na Microsoft ne, macOS na Apple ne, kuma dukkansu rufaffu ne: kamfanin ne kaɗai ke ganin asalin rubutun da aka gina su da shi, shi ke gyarawa, shi kuma ke yanke ranar da zai daina kula da su. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, rubutunta a fili yake. Lasisinta ya ba kowa damar karantawa, da gyarawa, da rabawa. Mutane sukan ɗauka ma'anar kawai ita ce ba a biyan kuɗi. Rashin biyan kuɗin gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma jigon maganar shi ne babu wani kamfani guda da zai iya rufe ta ya tafi da makulli.

Asalin tafiyar ya koma 1983, lokacin da Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta cibiyar da ke magana kai tsaye da ƙarafunan kwamfuta, wadda aka sa wa suna Linux. Cibiyar ita kaɗai ba ta isa mutum ya yi aiki ba, don haka ƙungiyoyi da kamfanoni suke haɗa ta da fuskar allo da sauran manhajoji su fitar da nasu zubin. Debian ya fito a 1993. Ubuntu ya zo a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Akwai Fedora, da Linux Mint, da Zorin, da Arch, da wasu ɗaruruwa. Fuskar allon ma kala-kala ce, manyan su ne GNOME da KDE Plasma.

Ba Linux ne kaɗai a wannan fage ba. Akwai FreeBSD, da Haiku, da ReactOS mai ƙoƙarin kwaikwayon Windows, wanda ya haura shekara 25 ana aikinsa bai fita matakin gwaji ba. Suna da masoyansu, amma in ana batun abin da mutumin gari zai iya ɗorawa a kan laftof ɗinsa nan da shekara uku ko biyar, maganar Linux ake yi.

Ya ci ko'ina, ban da kan tebur

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne Linux ya daɗe da yin nasara, sai dai a wuraren da ido ba ya gani. Kowace wayar Android a kan cibiyar Linux take. Mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da shi suke aiki. Tun Nuwamban 2017, duka kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi, babu ko ɗaya da ta fita.

A kan kwamfutar gida da ta ofis kuwa, labarin daban ne. Ƙididdigar StatCounter, wadda ke lissafa ziyarar shafukan intanet, ta nuna Linux ya haura kashi 3 cikin 100 a tsakiyar 2023, ya wuce kashi 4 a farkon 2024, kuma a Amurka ya taɓa kashi 5 a Yunin 2025. Windows na riƙe da kusan kashi 70. Waɗannan alƙaluma sukan hau su sauka daga wata zuwa wata, don haka alkiblar ce abin dubawa, ba adadin wata guda ba. Alkiblar kuma sama take yi.

Dalilin wannan gibi ba wai Linux ba shi da kyau ba ne. Jama'a ba sa zaɓar babbar manhaja, kwamfuta suke saya, su yi amfani da abin da suka tarar a ciki. Tun shekarun 1990 Microsoft ya ƙulla yarjejeniya da masu ƙera kwamfuta su riƙa ɗora Windows tun daga masana'anta. Daga nan sai abu ya riƙa ciyar da kansa: masu rubuta manhaja suna rubuta wa Windows saboda can jama'a suke, jama'a kuma suna zama a can saboda can manhajojin suke. Duk hasashen da bai yi bayanin yadda za a karya wannan zagaye ba, fata ne kawai.

Abin da mutuwar Windows 10 ta sauya

Windows 11 ya zo da sharuɗɗa masu tsauri. Dole kwamfuta ta kasance da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma furosesa ɗinta ya kasance Intel zubi na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. A taƙaice, yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 an bar su a baya, ko da kuwa suna gudu kamar sababbi. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan.

Microsoft ya buɗe wata ƙofa ta ɗan lokaci. Lokacin da aka buɗe ta, an ba mai kwamfutar gida damar shiga shirin ƙarin gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko dai ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa na asusun Microsoft. Kamfanoni na iya sayen ƙari har zuwa 2028, farashin yana ninkawa kowace shekara. Wannan na nufin guguwar ba ta gama kaɗawa ba. Za ta zo kashi-kashi, kuma kowane wa'adi zai tilasta wa wani rukunin mutane su yanke shawara.

An fara ganin alama. Zorin OS 18, wanda aka tsara fuskarsa don ta yi kama da Windows, ya fito a ranar da Windows 10 ya ƙare, kuma masu shi sun ce an sauke shi sau miliyan ɗaya cikin ɗan abin da ya haura wata guda, mafi yawa daga kwamfutocin Windows. Amma saukewa daban, zama daban. Da yawa za su gwada su koma. Mafi rinjayen masu Windows 10 kuma, a ganina, ɗayan abu uku za su yi: su sayi sabuwar kwamfuta, su sa mai gyara ya tsallake sharuɗɗan ya ɗora musu Windows 11, ko su ci gaba da zama a kan tsohon ba tare da kariya ba. Kaso kaɗan ne zai koma Linux. Sai dai kaso kaɗan na ɗaruruwan miliyoyi ba ƙaramin taro ba ne ga al'ummar da ta saba da kashi 2.

Akwai kuma gajiya. Tallace-tallace a cikin Windows, da matsin lambar sai ka buɗe asusun Microsoft kafin ka fara amfani da kwamfutarka, da tsarin Recall da aka sanar a 2024 mai ɗaukar hoton allonka lokaci-lokaci, duk sun sa mutanen da ba ruwansu da aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja sun fara leƙen waje.

Masu wasan kwamfuta ne suka ɓalle ƙofar

Wanda ya fi kowa yi wa Linux na tebur aiki a shekaru goman nan kamfanin sayar da wasanni ne, wato Valve, mai dandalin Steam. Dalilinsa na kasuwanci ne tsantsa: ba ya son cinikinsa ya dogara da Windows, domin Microsoft ma yana sayar da wasanni. Yunƙurinsa na farko a 2015 bai yi nasara ba, saboda wasannin da ke aiki a Linux ba su da yawa. Sai ya sauya dabara. Maimakon ya roƙi masu wasanni su sake rubuta wa Linux, a 2018 ya fitar da Proton, wata manhaja da aka gina a kan Wine, tsohon aikin sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, wadda ke fassara umarnin wasan Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. A Fabrairun 2022 ya fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu mai aiki da SteamOS, wanda aka gina a kan Arch. Miliyoyin mutane suka saya, da yawansu ba su ma san Linux ne a hannunsu ba.

Nan ne darasin yake. Zagayen nan da na ambata an karya shi ta fuska biyu a lokaci guda: na'urar ta zo da Linux tun daga masana'anta, manhajojin da mutum ke so kuma suna aiki ba tare da ya koyi komai ba. A 2025 Lenovo ya fitar da tasa na'urar mai SteamOS, a Oktoban shekarar masu Linux suka haura kashi 3 a ƙididdigar Steam karon farko, a Nuwamba kuma Valve ya sanar da Steam Machine, ƙaramar kwamfuta ta ɗaki.

Ko wanda bai taɓa wasa ba ya amfana. Kuɗin da Valve ke biyan masu gyara direbobin hoto, wato manhajojin da ke sa katin hoto aiki, da fuskar KDE ya inganta Linux ga kowa. Nvidia, kamfanin ƙera katin hoto, wanda ya daɗe yana ba masu Linux ciwon kai, ya buɗe wani ɓangare na direbobinsa a 2022. Inda har yanzu ake da cikas shi ne wasannin gasa masu manhajar hana maguɗi da ke kutsawa can cikin cibiyar kwamfuta. Fortnite da Valorant ba sa aiki a Linux, Apex Legends kuma ya rufe ƙofarsa a ƙarshen 2024.

Gwamnatoci da batun cin gashin kai

Ƙofa ta biyu siyasa ce. A da, gwamnatin da ta koma Linux tsimin kuɗi take nema. Yanzu tsoro ne ke tura ta: me zai faru idan ƙasar da kamfanin yake ta sa mana takunkumi?

Ƙasashen da suka riga suka ɗanɗana ko suke hango haka sun yi nisa. Sin na da nata zubin Linux, Kylin da UOS, kuma tana sauya kwamfutocin ma'aikatunta da su. Rasha na da Astra Linux. Ma'aikatar tsaron Indiya ta sanar da Maya OS a 2023, jihar Kerala kuma ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux. Jandarmomin Faransa suna amfani da nasu zubin na Ubuntu a kan kwamfutoci kusan dubu 100, aikin da suka kwashe fiye da shekara goma suna yi a tsanake.

Sabon abu shi ne yadda maganar ta yi zafi a Turai. A Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, buɗaɗɗen madadin Microsoft Office, daga baya kuma Linux. A 2025 ma'aikatar harkokin zamani ta Denmark da birnin Lyon na Faransa suka bayyana irin wannan niyya. A shekarar ne kuma, bayan Amurka ta sa wa babban mai gabatar da ƙara na Kotun Duniya ta Manyan Laifuka takunkumi, aka ruwaito ya rasa akwatin imel ɗinsa na Microsoft. Kamfanin ya musanta cewa ya yanke wa kotun hidima, amma kafin shekarar ta ƙare kotun ta tabbatar za ta koma openDesk, wani tarin buɗaɗɗun manhajojin ofis da gwamnatin Jamus ke ɗaukar nauyi.

Duk mai son ya yi murna da wuri ya tuna da Munich ta Jamus. Birnin ya yanke shawarar barin Windows a 2003, har shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je ya ga magajin gari don ya sauya ra'ayi. Zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000. A 2017, bayan shugabancin birnin ya sauya, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta jayayya kan ko matsalar ta fasaha ce ko ta siyasa, amma abu ɗaya ya fito fili: aikin da aka rataya a wuyan wata gwamnati guda yana iya faɗuwa tare da ita. Schleswig-Holstein ta koyi wani abu daga nan. Ta fara da sauya manhajar rubutu da ta imel yayin da ma'aikata ke kan Windows ɗinsu, ta bar babbar manhajar zuwa ƙarshe. Wannan tsari nake sa ran sauran za su bi, shi ya sa alƙaluman LibreOffice za su riga na Linux motsawa.

Gyaran da ake yi a cikin gida

Yayin da ake wannan a waje, a ciki ana sauya ginshiƙai. Tsarin X11 da ke zana hoto a allon Linux ya samo asali tun 1987. Magajinsa, Wayland, an fara shi a 2008, kuma ya ɗauki fiye da shekara 15 kafin ya nuna. Yanzu an zo ƙarshe. KDE Plasma 6 na Fabrairun 2024 ya mayar da Wayland zaɓin farko, Ubuntu 25.10 ya cire X11 daga babban zubinsa na GNOME, KDE ma ya sanar da lokacin rabuwa da shi. Ga mai amfani, wannan na nufin allo mai kaifi, da haɗa allo biyu ba tare da rigima ba, da hana wata manhaja leƙen abin da kake rubutawa a wata. Amma akwai waɗanda za su sha wahala kafin a gama, musamman makafi masu dogaro da manhajar karanta allo da masu wasu tsofaffin kayan aiki. Wannan gibi ne da ya kamata a ɗauka da muhimmanci fiye da yadda ake yi, domin tsarin da ke iƙirarin na kowa ne bai kamata ya bar marasa gani a baya ba.

Na biyu, yadda ake ɗora manhaja. A da kowane zubi da nasa salon, abin da ke korar masu rubuta manhaja. Flatpak da shagonsa Flathub sun rage wannan: a shirya sau ɗaya, ta yi aiki a kusan ko'ina. Canonical ya nace kan nasa mai suna Snap, don haka rarrabuwar ba ta ƙare ba, ta dai ragu.

Na uku, kuma wanda nake ganin zai fi tasiri ga talaka, shi ne zubin da ake kulle ainihin tsarin yadda mai amfani ba zai iya lalata shi bisa kuskure ba. Sabuntawa takan zo a dunƙule, idan ta zo da matsala sai ka sake kunnawa ka koma ta jiya. Haka SteamOS yake, haka Fedora Silverblue da Bazzite. Tsofaffin hannu na ƙorafin an rage musu 'yanci, amma ga makaranta mai kwamfuta 40 da malami ɗaya, wannan rahama ce.

Sai harshen rubuta manhaja na Rust, wanda ke toshe wani rukuni na kurakuran da masu kutse suka fi amfani da su. Ya shiga cibiyar Linux a Disamban 2022, Ubuntu 25.10 ya sauya wasu muhimman kayan aikinsa zuwa na Rust, kamfanin System76 kuma ya rubuta sabuwar fuskar allo mai suna COSMIC da shi.

Inda gizo ke saƙar

Microsoft Office, da Photoshop, da CorelDRAW, da AutoCAD, babu ɗayansu da ke da zubin Linux, kuma babu alamar za su yi nan kusa. Akwai madadinsu: LibreOffice, da GIMP, da Inkscape, da FreeCAD, da Krita, da Blender wanda shi kam ƙwararru na duniya ke amfani da shi. Ga ɗalibi da malami da ɗan jarida sun wadatar. Ga wanda abincinsa ya dogara da karɓar fayil daga abokin ciniki ya mayar masa ba tare da layi ɗaya ya goce ba, sau da yawa ba su wadatar ba, kuma yaudara ce a ce masa sun wadatar. Abin da ke sassauta wannan shi ne yawancin aikin yau ya koma cikin burauza, ita kuwa burauza ba ta damu da wace babbar manhaja ke ƙarƙashinta ba.

Barazana ta biyu daga ƙarfe take. Kwamfutocin Intel da AMD suna bin ƙa'idoji na bai-ɗaya, shi ya sa filash guda ke ɗora Linux a kan dubban nau'o'i. Sababbin laftof masu furosesan ARM ba haka suke ba, kusan kowanne sai an yi masa aiki na musamman. Masu aikin Asahi sun yi abin a yaba wajen sa Linux ya yi aiki a kan Mac masu M1 da M2 ba tare da taimakon takardun Apple ba, amma kullum a baya suke bi, kuma jagoran aikin ya ajiye muƙaminsa a Fabrairun 2025. Idan kasuwa ta karkata can, ɗora abin da kake so a kan na'urar da ka saya da kuɗinka zai ƙara wuya.

Ta uku ita ta fi damuna. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Da ya bi sawu, sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, mutum ɗaya da ke aikin sa-kai kuma ya gaji, har ya samu amincewarsa. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama kafin ta yaɗu, wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa manyan kamfanoni masu biliyoyin daloli sun jingina a kan aikin mutanen da ba a biyansu ko sisi. Asusun gwamnatin Jamus ya ba GNOME yuro miliyan ɗaya a 2023, abin a yaba, amma irin wannan tallafi bai kai ko kusa da buƙata ba. Yawan masu amfani zai jawo yawan masu kutse, kuma maganar nan ta cewa Linux ba ya kamuwa da cuta za ta fuskanci jarrabawar da ba ta taɓa fuskanta ba.

Abin da nake hasashe

Windows zai ci gaba da rinjaye har ƙarshen wannan shekaru goma. Linux zai ci gaba da hawa a hankali, kuma zan yi mamaki idan ya kai kashi 10 a duniya kafin 2030. Amma ba sai ya kai can ba kafin abubuwa su sauya. Da zarar kaso ya kai inda mai ƙera firinta ko mai manhajar lissafin kuɗi zai ga asara ce ya yi watsi da shi, to an tsallake wani mataki da ba a komawa baya.

Ina kuma sa ran Linux ɗin da zai fi yaɗuwa ba zai amsa sunan Linux ba. ChromeOS, babbar manhajar laftof ta Google, a kan cibiyar Linux yake, kuma Google ya tabbatar a 2025 cewa zai haɗe shi da Android don kwamfutoci. Microsoft da kansa ya saka Linux a cikin Windows ta hanyar wani tsari mai suna WSL, abin da ya riƙe masu rubuta manhaja da yawa da da sun ƙaura. Irin waɗannan tsare-tsare gindinsu a buɗe yake, samansu kuwa a hannun kamfani guda. Don haka tambayar shekaru masu zuwa za ta tashi daga "Linux ko Windows" ta koma "wa ke da iko da na'urar", kuma mai yiwuwa Linux ya yi nasara a ƙididdiga alhali 'yancin da aka fara tafiyar dominsa bai ƙaru ba.

Yadda abin zai shafe mu

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Kano da Kaduna da Maraɗi na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, masu shigowa ta Computer Village a Ikeja su bazu zuwa irin su titin Beirut. Su ne daidai rukunin da Windows 11 ya ƙi. Yayin da ofisoshin Turai da Amurka ke zubar da nasu, ina sa ran za su ƙara kwararowa nan, kuma tashin farashin ram da aka gani tun ƙarshen 2025 zai sa sabuwar kwamfuta ta ƙara nisa da aljihun talaka.

Sai dai hujjar "kyauta ne" ba ta da ƙarfi a wajenmu, domin mutane ƙalilan ne suka taɓa biyan kuɗin lasisin Windows. Mai gyara ne ke ɗora kwafi, ya haɗa da Office da CorelDRAW, a ba shi na aikinsa. Hujjar da ke da ƙarfi ita ce tsaro da sauƙin nauyi. Kwamfutar da aka daina yi wa gyaran tsaro, aka cika ta da manhajojin da aka fasa, kuma da ita ake shiga asusun banki da imel, haɗari ce ga mai ita. Laftof mai ram gig 4 da ke numfashi da kyar a Windows yakan farfaɗo da Linux Mint mai fuskar allo marar nauyi ta Xfce. Cututtukan filash da suka addabi shagunan buga takardu an rubuta su ne don Windows, ba sa tashi a Linux. Madannan Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ suna cikinsa tun asali, a saituna kawai za ka zaɓa.

Wanda zai yanke hukunci a nan shi ne mai gyara. Mutum ba ya sayen motar da babu makanikinta a garinsu, komai kyanta. Idan firinta ta ƙi aiki kuma yaron shago bai san Linux ba, abin da zai ce shi ne "Oga, bari kawai mu yi mata fomat mu sa Windows," kuma maganar ta ƙare ke nan. An taɓa gwada shigo da Linux ta sama: a 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child, kuma irin waɗannan shirye-shirye ba su yi saiwa ba, domin na'ura aka kawo ba a gina masu kula da ita ba. Sassan koyar da kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha ne ke da damar gyara wannan, kuma ribar a fili take ga ɗalibi, tunda aikin kula da manyan kwamfutocin intanet da na tsaron bayanai kusan duk a kan Linux ake yinsa.

Mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW ya zauna a Windows, amma ya nemi wanda ake yi wa gyaran tsaro. Ɗalibi ko malamin da aikinsa bai wuce burauza da rubutu da kallon bidiyo ba, zai iya ɗora Linux Mint ko Zorin a filash mai gig 8, ya tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba tare da ya goge komai ba, ya duba ko wayifai da sauti da firintarsa suna aiki. Idan sun yi, ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri tukuna, sannan ya ɗora.